Fihirisar hotunan Maƙamatul Hariri na Alwasiɗi: inda aiki ya kai

14 ga Janairu, 2024

Aikin da ke hannuna fihirisa ce da Hausa ta hotunan da ke cikin kwafin Maƙamatul Hariri wanda Yahaya bn Mahmud Alwasiɗi ya rubuta da hannunsa, ya kuma zana, a shekara ta 634 bayan hijira, wato 1237. Littafin yana babban ɗakin karatu na ƙasar Faransa a Paris, lambarsa Arabe 5847. Sun ɗauki hoton kowane shafi sun zuba a rumbunsu na intanet mai suna Gallica, kowa na iya buɗewa kyauta. Warƙa 167 ce, hotuna 99.

Na tsara jadawali, kowane hoto da layinsa, kowane layi gida biyar: lambar warƙa da ko gaba ce ko baya, sunan maƙama, abin da ido ke gani, jimlar matanin da hoton ya jingina da ita, sai gida na ƙarshe, abin da mai zane ya ƙara daga kansa wanda babu shi a matani. Bayan jadawali za a yi babi daban kan hannayen da littafin ya bi kafin ya isa Paris.

Mu nan ta baki da kunne muka san Maƙamat. Ɗalibi ya ja baƙi, malam ya bi shi da fassara kalma bayan kalma, in an cije a ɗauko sharhin Sharishi. Bugun Misira ko na Bairut ne a hannun kowa, baƙaƙe ne cunkus daga sama har ƙasa. Akwai waɗanda suka sauke littafin suka maimaita, ba su taɓa jin cewa an yi wani mutumin Iraƙi da ya zauna ya zana Abu Zaidu da farin gemunsa ba. Su nake yi wa wannan aiki.

Ga wanda bai karanta ba: Hariri mutumin Basra ne, an haife shi a 1054, ya rasu a 1122. Maƙama 50 ya rubuta, ya bi sawun Badi'uzzaman Alhamazani. A kowace ɗaya Harisu bn Hammam, mai ba da labari, yakan isa wani gari ya tarar da wani tsoho ya tara jama'a da zaƙin baki, ko yana wa'azi, ko yana kuka, ko yana ƙara a gaban alƙali. Sai an zuba masa kuɗi ya sulale sannan Harisu ya gane ashe Abu Zaidu Assaruji ne ya sake shiga.

27 ga Janairu

Na tsaya kan fasalin shafi kafin in shiga hotuna. Takarda ce babba, tsawonta ya kusa santimita 37. Matani da baƙar tawada, rubutun naskhi mai wasali. A gefe kuma akwai bayanin kalmomi masu wuya da jar tawada, a wasu shafukan yana saukowa a karkace yana komawa, ya zama ado da kansa. Wannan ya nuna wa aka yi wa littafin: mai kuɗi ne, ba shakka, amma mai kuɗin da zai karanta, wanda shi ma wasu kalmomin Hariri za su tsaya masa a wuya.

Galibin hotunan ba su da zagaye. Ba sama, ba bango, farar takardar ce ke bayan mutane, ƙasa kuwa ɗan zirin ciyawa ya isa. Rubutu na bisa kansu yana kuma ƙarƙashin ƙafarsu. Da yake hannu ɗaya ne ya yi rubutun ya yi zanen, shi ya san inda zai dakatar da alƙalami ya bar fili, don haka gida na huɗu a jadawalina bai ba ni wahala ba: jimlar da hoto ya jingina da ita tana nan kusa da shi.

Shafuka biyu na farko hoto ne mai fuskantar juna. Kowane ɓangare mutum ne a kan karaga jama'a na ƙasa da shi, ɗaya da rawani, ɗaya da hular gashi irin ta sarakunan yaƙi Turkawa na wancan zamani, an kewaye su da zayyanar ganye da namun daji a ciki. Na rubuta abin da na gani na wuce.

10 ga Fabrairu

Warƙa ta 5, baya. Maƙama ta biyu, Hulwaniyya. Harisu ya koma garinsu ya shiga ɗakin karatu, sai ga wani mai cunkusasshen gemu da tsummoki ya zo ya zauna a ƙarshen mutane, ya tambayi na kusa da shi me yake dubawa, aka ce masa diwanin mawaƙi Buhturi ne. Daga nan aka shiga baitocin da ke kwatanta haƙora da lu'ulu'u da ƙanƙara, tsoho ya kawo nasa, aka yi ta shakkar ko shi ya yi su, ya ƙara wasu nan take.

Abin da Hariri ya ce game da ɗakin bai wuce cewa matattarar masu adabi ba ne. Alwasiɗi shi ya gina shi. Bayan mazauna akwai kanta da ta cika bango, an yanka ta gurbi-gurbi, littattafai a kwance wani kan wani a kowane gurbi, ba a tsaye ba. Mazauna a jere, ɗaya riƙe da littafi a buɗe, hannayen rigunansu da zirin zinari a damtse. Shekara kaɗan kafin a yi wannan zane halifa Almustansir ya buɗe makarantar Mustansiriyya a Bagadaza, da nata babban ɗakin littattafai. Mutumin da ya zana kantar nan ya saba ganin irinta.

Tun daga nan na lura gida na biyar zai fi sauran cika. Abin da ya sa ake karanta Hariri ba ya zanuwa. Ta yaya za a zana huɗubar Samarƙandu wadda babu harafi mai ɗigo ko ɗaya a cikinta, ko baitocin Magribiyya da ake karantawa ta gaba ko ta baya su ba da abu guda? Sai Alwasiɗi ya bar wa alƙalami magana, shi ya kama wurin da aka yi ta da fuskokin masu saurare. Kusan ko'ina hannu ne a miƙe, yatsa a baki don mamaki, wuya a karkace.

17 ga Fabrairu

Bayanin da ɗakin karatun ya rubuta kan littafin da Faransanci yake. Wani ƙanina ɗan Damagaram da ke karatu a nan ya zauna ya juya mini shi zuwa Hausa a takarda, ladansa shayi da burodi. Shafukan suna da nauyi wajen saukewa, don haka da daddare nake janyo su in ajiye a kwamfuta, in yi aiki da rana ko babu intanet.

2 ga Maris

Warƙa ta 19, gaba, maƙama ta bakwai, Barƙa'idiyya. Wannan shi ne hoton da ya fi yawo a duniya daga cikin littafin, ana ganin sa a bangon littattafan tarihi ba tare da an faɗi labarin da ya fito daga ciki ba.

Labarin shi ne Harisu ya yi niyyar barin Barƙa'id sai ya ga salla ta matso, ya ce bari ya tsaya ya yi idi. A filin idi ya ga wani makaho da wata tsohuwa 'yar jagora, tana raba wa mutane 'yan takardu masu baitocin roƙo. Maganar hawa kuwa guntuwar jimla ce kawai, inda Hariri ya ce ranar ta zo da mahayanta da 'yan ƙasanta, yana aron lafazin Alƙur'ani. A kan wannan guntuwar jimla Alwasiɗi ya ba da shafi guda cur: dawakai a jere kafaɗa da kafaɗa kowane da launinsa, alfadari ɗauke da mai tambura, dogayen ƙahonin busa biyu sun soke sama a karkace, tutoci masu rubutu, ƙafafun dabbobi sun cakuɗe har ba ka iya cewa wannan ta wane ce. Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin hanya ranar hawan salla ya ji kakaki na tahowa kafin ya hango sarki zai gane shafin nan ba sai an yi masa bayani ba.

Makaho da tsohuwarsa suna shafin da ke fuskantar wannan, cikin masallata. Su ne labarin, amma ido sai ya gama da dawakai yake komawa kansu. A jadawali na haɗa shafukan biyu a layi guda, don a gani na hoto ɗaya ne da aka shimfiɗa a kan warƙa biyu, kuma ya yi haka a wasu wuraren, kamar wa'azin Rayyu a maƙama ta 21, inda mata ke zaune a bene suna leƙo mai wa'azi.

9 ga Maris

Na gama maƙabartar Sawa, maƙama ta 11, da mashayar Ana, ta 12. A ta farko ana saka gawa a kabari cikin likkafani, mata na kuka hannu a ka, masu haƙa na gefe. A ta biyu, bayan Abu Zaidu ya raka ayari ya ƙetare da su daji da addu'ar da ya ce a mafarki aka ba shi, ya karɓi ladansa, sai Harisu ya iske shi a gidan giya. Alwasiɗi ya yi gidan hawa biyu, mashaya a sama, a ƙasa tsoho a kishingiɗe da kofi, mai kiɗan udu kusa da shi, can gefe wani yana tattaka inabi ruwan na tsiyaya. Harisu na tsaye kamar wanda bai yarda ya taka ciki ba.

Na kai wa Malam kwamfutar bayan la'asar don ya taya ni tantance jimlar da hoton maƙabarta ya jingina da ita. Ya gyara tabarau ya daɗe yana kallo.

"Musulmi ne ya yi wannan?"

"Allah gafarta Malam, sunansa Yahaya ɗan Mahmudu."

"To. Allah ya yafe mana baki ɗaya. Koma mini wancan na kabari."

Bai yaba ba, bai kuma ce in rufe ba, kuma ya nuna mini jimlar. Tambayarsa ba sabuwa ba ce, an daɗe ana yin ta a kan waɗannan littattafai, amsar ma tana jikin takarda. Akwai wani kwafin Maƙamat mai hotuna na wannan zamanin a St. Petersburg ta Rasha, wanda wani daga cikin waɗanda suka mallake shi ya bi mutanen ciki yana ja musu layin tawada a wuya. Ya bi ra'ayin da ke cewa in an raba kai da gangar jiki hoto ya fita daga hukuncin hoto. Wani kwafin a ɗakin karatu na Sulaimaniyya a Istanbul, can fuskokin aka goge. Abin da ya tsaya mini a rai game da mai jan layi shi ne bai ƙona littafin ba, bai yage warƙa ba. Ya nemi hanyar da zai riƙe kayansa zuciyarsa kuma ta kwanta. Zan sa wannan a babin mallaka, don layin nan shi ma sa hannu ne na mai littafi.

16 ga Maris

Yau Asabar, 6 ga Ramadan a lissafinmu. A hatimar littafin Alwasiɗi ya rubuta cewa ya gama shi, rubutu da hotuna, a ƙarshen yinin Asabar 6 ga Ramadan, 634. Shekara 811 ke nan ta hijira. Don haka na ajiye hotuna na fara babin mallaka.

Hatimar ta ba da sunansa da na kakanninsa da ranar gamawa. Nisbarsa ta Wasiɗ ce, garin da ke tsakanin Bagadaza da Basra, masana kuma na jingina aikin ga Bagadaza saboda salonsa. Shekara 21 bayan nan, a 1258, Hulaku, sarkin yaƙin Mangol, ya ci Bagadaza ya kashe halifa Almusta'asim. Kwafin Istanbul da na ambata yana ɗauke da sunan wannan halifa a jikin wani gini cikin ɗaya daga hotunansa, da haka aka san zamaninsa.

Sunan da ya manne wa littafin a Turai shi ne na Charles Schefer. Bafaranshe ne, an haife shi a 1820, ya yi shekaru yana tafinta a ofisoshin jakadancin Faransa a ƙasashen daular Usmaniyya, har Istanbul, daga 1867 kuma ya shugabanci makarantar harsunan gabas a Paris har rasuwarsa a 1898. Duk tsawon wannan lokaci yana tara littattafan rubutun hannu na Larabci da Farisanci da Turkanci. A 1899 babban ɗakin karatu na Faransa ya sayi tarin, kusan littafi 800, aka ba kowane lamba. Har yau a rubuce-rubucen Turawa za ka ga ana ce masa Haririn Schefer, sunan mai saye ya hau kan na mai yi. A fihirisata na Alwasiɗi ne.

'Yan'uwan littafin, sauran kwafin Maƙamat masu hotuna, su ma ta irin wannan ƙofa suka fita. Na Oxford, wanda aka gama a 1337, yana cikin littattafan da Narcissus Marsh, babban limamin coci a Ayaland, ya bar wa ɗakin karatu na Bodleian wasiyya da ya mutu a 1713. Na Landan mai tarihin 1323, wanda ba a ƙarasa hotunansa ba, yana cikin tarin Claudius Rich, wakilin kamfanin Ingila na Indiya a Bagadaza, da ya mutu a Shiraz a 1821, matarsa ta sayar wa gidan tarihi na Birtaniya a 1825. Na Viyana, na 1334, aikin zamanin Mamluk ne mai shimfiɗar zinari a bayan mutane. Tafinta, jakada, limamin coci: mutanen da suke da kuɗi da hanyar jirgi a lokacin da gidajen da suka gaji littattafan ke sayarwa. Ba na jin daɗin wannan lissafi, ko da yake da shi ne yau nake buɗe littafin daga ɗakina.

Akwai wani irin tarihin mallaka da ya fi wannan daɗin karantawa. A Darul Kutub ta Alƙahira akwai kwafin da babu hoto ko ɗaya, na shekara ta 504, wato 1111, wanda aka karanta a gaban Hariri da kansa a Bagadaza, aka rubuta sunayen waɗanda suka saurara, shi kuma ya sa hannu. Daga baya wasu suka yi ta ƙara nasu shaidar karatu a jikinsa. An ruwaito cewa Hariri ya ba da ijaza a kan kwafi 700 a rayuwarsa. Ta wannan hanyar, malami zuwa ɗalibi, littafin ya bi Andalus da Magrib ya ƙetaro Sahara ya iso zaurukanmu. Masu hotunan ba su bi ayarin ba.

13 ga Afrilu

Azumi ya rage gudun aiki. An yi salla lafiya. Na wuce Wasiɗiyya, ta 29, inda Abu Zaidu ya shirya ɗaurin aure a masaukin fatake ya zuba wa baƙi banju a alewa, suka zube, ya kwashe kayansu. Garin mai zanen ne, ya kuma zana masaukin da benensa da ƙofofin ɗakuna.

27 ga Afrilu

Ayarin mahajjata a warƙa ta 94, baya, ɗan'uwan hoton Barƙa'id ne: raƙuma, tutoci, masu busa, haudaji, wato rumfar da ake ɗorawa a doron raƙumi. Na rubuta shi da wuri.

Na fi daɗewa kan warƙa ta 101, gaba. A maƙama ta 32 an yi wa Abu Zaidu tambayoyin fiƙihu 100 ya amsa, kowace amsa a zahiri kamar ɓata ce, sai ka san ɗaya ma'anar kalmar ka ga daidai ce. Ladansa garken raƙuma da kuyanga mawaƙiya. Tambaya ɗari ba ta zanuwa, sai Alwasiɗi ya zana ladan. Raƙuma sun cika shafi, wuyansu a miƙe a jere suna hawa suna sauka, biyu sun sunkuya suna cin ciyawa, mace guda a bayansu da sanda a ɗage. Babu Abu Zaidu a ciki, babu Harisu. A ganina duk littafin babu shafin da ya kai shi, kuma wanda ya yi shi ya tsaya ya kalli raƙumi da kyau, ya san yadda leɓensa ke saki in yana kiwo.

Warƙa ta 105, gaba, kasuwar bayi a Zabid ta Yaman, maƙama ta 34. Bawan Harisu ya mutu, ya fita neman wani, wani mai lulluɓe da fuska ya sayar masa da yaro kyakkyawa. Da ya tambayi yaron sunansa sai ya amsa da baiti cewa shi Yusufu ne. Harisu bai ɗauki hannu ba sai a gaban alƙali, inda aka ce masa ai yaron ya gaya maka, ɗa ne aka sayar kamar yadda aka sayar da Annabi Yusufu, kuma ɗan Abu Zaidu ne. A matani abin dariya ne, Harisu ya yi asarar kuɗinsa. A hoto kuwa, ƙarƙashin rumfa, akwai mutane baƙar fata zaune a ƙasa suna jiran mai saye, sama da su ana auna kuɗi a ma'auni. Su ba 'ya'yan Abu Zaidu ba ne, ba alƙalin da zai sake su. Hariri bai ce komai a kansu ba. Na sa su a gida na biyar, na kuma ƙara bayani a ƙasa cewa Zabid na kusa da gaɓar Bahar Maliya, daura da Habasha, kuma a wancan zamani ta nan ake shigo da bayi daga gabashin Afirka. Ɗalibin da zai karanta fihirisar nan ya kamata ya tsaya a wannan shafi.

11 ga Mayu

Maƙama ta 39, Umaniyya, ta ci mini lokaci fiye da kowace, don hotunanta a jere suke kuma kowane cike yake.

Jirgin ruwa a warƙa ta 119, baya. Katakansa ɗinke suke da igiya, ana ganin ɗinkin a jere a jikinsa, irin ginin jiragen tekun Indiya na lokacin da ba a buga musu ƙusa. Fasinjoji sun leƙo da kai ta tagogi, ma'aikatan jirgin baƙaƙe ne, wasu a kan igiyoyi, wasu na kwarfar da ruwa da tuluna, anga na rataye a gaba, a baya kuma ga katakon da ake karkata jirgi da shi a manne tsakiyar gindinsa. Masu tarihin jiragen ruwa suna kafa hujja da wannan shafi. Hariri dai cewa ya yi an shiga jirgi.

Sai tsibiri: itatuwa, birai, aku, da wasu halittu masu kan mutum, ɗaya jikin tsuntsu ɗaya jikin dabba. Babu ko ɗayansu a matani. Daga labaran matafiya teku ya ɗebo su.

Warƙa ta 122, baya, ita ce haihuwa. Matar sarkin tsibiri na naƙuda ta ƙi sauka, fada ta rikice, Abu Zaidu ya ce yana da laƙani. Ya sa aka kawo masa alƙalami da kumfar teku da za'afaran da aka jiƙa a ruwan wardi, ya yi sujada, ya yi rubutu. Mai karatu ne kaɗai ya san abin da ya rubuta: nasiha ce ga jariri cewa ya yi zamansa inda yake, wuri ne amintacce, in ya fito duniya ba abin da zai tarar sai wahala da maƙiya. Ya shafe rubutun, ya yi masa tofi, ya naɗe a ƙyallen alharini aka ɗaura wa matar a cinya. Nan take ta haihu namiji, aka cika shi da dukiya. Alwasiɗi ya raba shafin gida-gida. Sarki a sama a tsakiya, a gefe ɗaya mai rubuta laya, a ɗaya gefen mai riƙe da usɗurlabi yana duban taurari. A ƙasa matar ce, babba fiye da kowa a shafin, an rirriƙe ta, unguwarzoma a durƙushe gabanta. Bai sakaya komai ba. Wannan shafin ban kai wa Malam ba, na nemo jimlarsa da kaina.

25 ga Mayu

Warƙa ta 138, gaba, ƙauyen maƙama ta 43. Abu Zaidu da Harisu sun iso a kan raƙuma suna gardama kan ko adabi na ciyar da mai shi. Suka tari wani saurayi, tsoho ya shiga tambayarsa da saja'i: a garin nan ana sayar da ɗanyen dabino da huɗuba? Ana ba da fate da ƙasida? Ana ba da gari da ma'ana mai zurfi? Yaro na ta cewa a'a wallahi, har ya gaji ya ce masa a nan ba a sayen waƙa da ƙwayar sha'ir. Bayan masu maganar Alwasiɗi ya jera ƙauyen da bai damu da su ba: masallaci da hasumiya, ɗakuna masu ƙubba kowane da mai sana'arsa a ciki, mace na kaɗi da mazari, saniya, zakara da kaza a kan rufi, dabino, awaki na shan ruwa a tafki. Kowa na harkar gabansa. Amsar yaron ce aka zana, kuma a nan gida na huɗu da na biyar suka haɗe mini, na rasa inda zan raba su, sai na rubuta bayanin a tsakani.

Makarantar maƙama ta 46 tana warƙa ta 148, baya. Sunanta Halabiyya amma a Himsa abin ya faru, na sa wannan a bayani don kada ɗalibi ya ruɗe. Yara da allunansu, malam a kan ɗan dandamali da sanda, wani yaro na jan igiyar mafici da ke rataye a rufi. Yara goma ne a matani, kowane ya tashi ya kawo baitocin gwaninta, wannan marasa ɗigo, wancan duk masu ɗigo, wani kalmomin da ake rubutawa da za mai hannu.

Saura huɗu: mai ƙaho a Hajrul Yamama, masallacin Banu Haram, wasiyyar Abu Zaidu ga ɗansa kan sana'ar bara, da tubansa a Basra. Bayan su zan koma farko in daidaita rubutun sunayen garuruwa, don a wasu layukan na bi lafazin zaure a wasu na bi na taswira. Na yanke shawarar sa duka biyun, da ƙasar da garin yake a yau: Saruj, alal misali, tana kudancin Turkiyya dab da iyakar Siriya. Ƙanina ya karɓi aikin duba sharuɗɗan ɗakin karatun kan amfani da hotunansu, don in san ko za su shiga cikin fihirisar ko lambar warƙa kawai zan bayar. Malam kuma ya ce in kawo masa gida na huɗu a buge a takarda, ba a kwamfuta ba, zai bi jimlolin ɗaya bayan ɗaya da nasa littafin bayan babbar salla.